Fashin baƙi: Wace rawa ce tamu, wace ce baƙuwa?

Da zarar an kawar da amfanin gona an shiga kakar bukukuwa, sai gardamar nan ta dawo sabuwa. Wani zai ɗauki bidiyon biki a Birnin Kebbi ko Jega, samari da 'yan mata sun cakuɗe a gaban lasifikar DJ, kafin gari ya waye bidiyon ya gama zaga WhatsApp. Nan take a rabu gida biyu. Wasu su ce rawa ba ɗabi'ar Bahaushe ba ce, Indiyawa da TikTok ne suka kawo mana ita. Wasu su ce ai kakanninmu ma sun cashe a dandali, don me za a hana na yanzu?

A wani biki da na halarta, wani kawuna ya tsaya a bakin rumfa ya saurara jim kaɗan, ya kaɗa kai ya ce, "Wanga ba kiɗi ba na, hayaniya ta." Mutumin nan kuwa, in aka buga gangar noma kusa da shi, har yau kafaɗunsa motsi suke yi ba tare da ya sani ba. To shi a wane ɓangare za a sa shi? Abin da ya hana gardamar ƙarewa ke nan: kowa na cewa "rawa", amma ba abu ɗaya suke nufi ba.

Kalma ɗaya, abubuwa da yawa

A Hausa duk motsin da ke maimaita kansa rawa ne. Mai zazzaɓi na rawar ɗari, haƙori na rawa, soja na rawar daji, yaro mara natsuwa rawar kai gare shi. In aka zo ga rawar kiɗa kuma, harshen ya bambance su tun da daɗewa. Akwai taku, akwai rausaya da rangaji, inda jiki ke lanƙwasa a hankali ƙafa ba ta ko bar ƙasa ba. Akwai cashewa, wadda ƙura ke tashi. Akwai tsuma, wadda ke kama namiji in ya ji takensa. Akwai kuma gwatso, wanda tun kafin a san wayar hannu ba a yi masa kallon mutunci. Al'ummar da ba ta san rawa ba ba za ta tara mata sunaye haka ba.

Hanyar gane kowace rawa ita ce a tambayi kiɗan da ke tashe ta, a tambayi masu ita, a tambayi wurin da ake yin ta. A gargajiyance waɗannan ukun ba sa rabuwa. Ka ji kiɗa daga nesa ka san su wa ke fili, ka kuma san ko wurin zuwanka ne ko ba naka ba.

Rawar da sana'a ta haifa

Mafi yawan raye-rayen maza a ƙasar Kabi da Zamfara daga aiki suka fito. Ɗauki noma. In an yi gayya, makaɗi na bin bayan manoma da gangarsa, yana kiran taken kowane jarumi, su kuwa suna sara a tare bisa bugun ganga. Duƙawa da miƙewar da ake yi a kan kunya ita ce dai aka ɗauko aka kawo fili bayan an tashi aiki, shi ya sa rawar manoma ke da nauyi a ƙafa da ƙarfi a kafaɗa, baya a sunkuye. Daga nan 'yan hoto suka samo wasansu, su cilla garma sama ta yi ta juyi, su tare ta kamar ba ƙarfe ba. Ƙasar Zamfara ta yi suna a wannan fanni, makaɗa irin su Amali Sububu da waƙar noma aka san su.

Mahauta kalangu ne nasu. Kafin ya zama kiɗan kowa da kowa, shi ke sanar da gari cewa an yi yanka. Kalangu kuwa magana yake yi: makaɗi ya saƙale shi a hammata, ya matse tsarkiya ya saki, sautin ya hau ya sauka yadda muryar mai magana da Hausa ke hawa da sauka. Wanda ya san take yana jin sunansa da na ubansa a cikin kiɗan. Dambe ma a hannun mahauta ya girma, don haka kalangu ya bi shi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya ga yadda ɗan dambe ke yi in an kaɗa masa takensa: jiki ya ɗauki tsuma, ya miƙe ya ɗaga hannun da aka naɗe, ya zaga fili da wani irin taku na isa yana kirari. Rawa ce, ko da yake in ka ce masa ɗan rawa ne za ku ɓata. Haka 'yan kokawa a ƙasar Dandi da Arewa ta Jihar Kebbi, har zuwa tsallaken iyaka cikin Nijar, ba sa shiga fili sai da taku da tsalle.

Maƙera na da dundufa, rawarsu kuma da wuta ake yin ta, a riƙe jan ƙarfe a nuna gado. 'Yan tauri na tuma suna gurza wuƙa a ciki da wuya. Maharba na rawa a duƙe, suna sanɗa, suna waige, suna kwaikwayon yadda ake bin dabba a daji da yadda dabbar ke yi in ta ji motsi. Kassu Zurmi ya yi zamaninsa yana yi wa irin waɗannan maza kiɗa. Abin lura a duk waɗannan shi ne rawar shaida ce. Mutum na nuna wa jama'a ko shi wane ne, ɗan gidan wa ne, da abin da ya gada. Wanda ba maƙeri ba in ya faɗa filin maƙera ya ɗauki jan ƙarfe, hannunsa ne zai gaya masa.

Dandali da tsakar gida

Ɓangaren da masu cewa "kakanninmu ma sun yi" ke nufi shi ne dandali. Gaskiya ne, an yi. Da farin wata 'yan mata kan fito su yi gaɗa, ba ganga ba kalangu, tafi da waƙa kawai. Su tsaya kamar rabin da'ira, ɗaya ta fito tsakiya ta ba da waƙa, ta juya ta faɗo da baya, sauran su tare ta su cilla ta sama. Dubi abin da wasan ke koyarwa: ba za ki saki jiki ki faɗa ta baya ba sai kin amince da ƙawayenki. Ranar kasuwa ko daren biki kuma a kira mai kalangu, a yi asauwara da sauran raye-rayen 'yan mata, samari na gefe suna kallo suna yi wa makaɗi kari don ya kira sunan wadda suke so. Samari na da takai, inda ake zagaye kowa da sanda a hannu, a juya dama a haɗa sanda da na kusa, a juya hagu a haɗa da ɗayan, wanda ya kuskure lissafi ya sha a yatsa. Bayan girbi a yi kalankuwa.

Sai dai dandali ba sake ba ne. Akwai sarkin samari, akwai shugabar 'yan mata, akwai lokacin tashi, kuma duk wanda ke wurin an san gidansu. Yarinya na barin dandali ranar da aka kai ta ɗaki. Daga nan rawarta ta koma tsakar gida, inda mata ke kifa ƙwarya a ruwa ko a ƙasa su kaɗa, a yi amada, a buga shantu, a rangaɗa guɗa, namiji baligi ko leƙe ba ya yi. Ko a wurin aiki mata ba su rabu da kiɗa ba. Lugude a turmi, inda mace ke cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe ba tare da ta ɓata bugun abokiyar dakanta ba, da daɓen ɗakin amarya da ake yi da waƙa, duk 'yan gida ɗaya ne da rawa.

Bori

Ba a yin maganar asalin rawa a ƙasar Hausa a tsallake bori, ko da mutum ba ya son jin sunan. Tsohon addini ne da hanyar neman magani, ya riga jihadi, kuma a nan ne rawa ta fi kama da wasan kwaikwayo. Da goge ko garaya ko ƙwarya ake kiran iska, kowane iska da takensa. In ya hau, wanda aka hau ya zama doki ko goɗiya, motsinsa ya koma na iskan. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ƙasaita da kyauta da caca, tafiyarsa ma ta daban ce. Malam Alhaji tsoho ne, a duƙe, yana tari yana jan carbi. Kuturu na naɗe yatsu. Sarkin Rafi hauka tuburan. A yi tsalle a faɗo da mazaunai a ƙasa, abin da ake kira jifa, in iska zai sauka a yi atishawa.

A Gobir har sarauta ce, Inna ce shugabar bori. Bayan jihadi Nana Asma'u ta yi yaƙi da bori ta hanyar da ta fi wa'azi kaifi: ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajoji masu kai ilimi ga matan ƙauye, ta ba su malfa irin wadda aka san Inna da ita. Wato ta bar alamar da mata suka saba girmamawa, ta sauya abin da ke ƙarƙashinta. Wani kaso na ƙyamar da ake yi wa goge da rawa har gobe daga wannan tarihi ya samo tushe.

Kebbi ba Hausawa kaɗai ba ce

Mai cewa "al'adarmu" a Jihar Kebbi sai ya faɗi wacce. A ƙasar Zuru, Dakarkari na bikin Uhola bayan girbi, na godiya ne, kuma a nan ake fito da samarin da suka kammala golmo, noman da saurayi ke yi wa gidan surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Rawa a wurin ba abin kunya ba ce, ta ƙungiya ce, sahu-sahu, babba da yaro. Fulani na da sharo, saurayi ya buɗe ƙirji a zuba masa bulala yana murmushi yana taku, ga sarewa na tashi. Yawuri na da Gungawa da Kambari da wasanninsu na ruwa da na tudu. Zabarmawa da Dandawa na da nasu.

Bikin kamun kifi na Argungu shi ne rumfar da ta tara su. Ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Ranar shiga kogin Matan Fada makaɗa na cikin kwale-kwale suna kiɗa, masunta da gora da homa na cikin ruwa, a kan tudu kuma ƙungiyoyin rawa daga kowace kusurwa.

A irin wannan dandamali ne mutane ke ganin koroso su ɗauka tun zamanin Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, ake yin ta. Ba haka ba ne. A Kano aka tsara ta a shekarun 1970, aka haɗa salon Fulani da na Hausawa, aka ƙara lanƙwasa jiki da wasan motsa gaɓɓai, aka ɗaura kacau-kacau a ƙafa, don a samu abin nunawa a bukukuwan al'adu. Yanzu ta zama "rawar gargajiya" da ake koya wa 'yan makaranta. Gargajiya ma akwai ranar da aka fara ta.

Inda masu cewa Bahaushe ba ya rawa suke da gaskiya

Suna da ita ta fuska ɗaya. A tsarin Bahaushe babba ba ya rawa a bainar jama'a. Sarki ba ya yi, malami ba ya yi, mai gida mai iyali ba ya yi. Kiɗan fada, kotso da taushi irin na su Musa Ɗanƙwairo da Aliyu Ɗandawo, ba don sarki ya tashi ya taka ake yin sa ba. Yana zaune, iyaka ya jinjina. In akwai mai rausayawa, makaɗan ne da 'yan amshinsu. Ango da amarya kuwa su ne suka fi kowa ɓoyewa ranar bikinsu, ita tana lulluɓe tana kuka, shi yana gidan aboki. Saboda haka fitowar ango da amarya tsakiyar fili suna rawa, iyaye na zagaye da su suna liƙi, wannan kam baƙon abu ne, daga kudu da finafinai muka ɗauko shi. Wanda ya ce bai san shi da ba bai yi ƙarya ba.

Ta fuskar addini ma maganar ba yau ta fara ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, ya soki cuɗanyar maza da mata a wuraren biki da shagaltar sarakuna da kaɗe-kaɗe, amma ya bar ƙofa ga kiɗan da ke da dalili, kamar na tara runduna. Malamai na kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na Habashawan da suka yi wasa da masu a masallaci ranar idi, Nana A'isha na kallo a bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Suna kuma kawo halascin buga mandiri a bikin aure. Saɓaninsu ya fi yawa a kan kayan kiɗa. Abin da ba su saɓa a kansa ba shi ne haramcin tsiraici, da cakuɗuwar maza da mata, da motsin da ke tayar da sha'awa. Ko a Saudiyya akwai arda, rawar takobi da ganguna da waƙa, maza zalla, sarakunan ƙasar da kansu na shiga sahu. Lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, Kebbi ta biyo baya, makaɗa da yawa sun shiga ruɗu, don ba kullum ake bambance musu kiɗan da aka hana da wanda aka bari ba.

Baƙin ma suna da gidajensu

Ta Indiya ce ta fara shigowa, ta gidajen silima da 'yan Lebanon suka buɗe a biranen Arewa, tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama a shekarun 1990, sai suka ɗauki tsarin saurayi da budurwa na waƙa suna zagaya juna. Abin da ba a cika sani ba shi ne rawar fim ɗin Indiya ita kanta gauraye ce. Akwai katak ta arewacin ƙasar, wadda masu ba da labari suka fara, ta shiga fadojin sarakunan Mugal Musulmi, ana ɗaura ƙararrawa a idon sawu ana buga ƙasa da sauri ana juyi. Akwai baratanatiyam ta kudu, daga ɗakunan bautar Tamil Nadu, gwiwa a lanƙwashe, kowane motsin yatsa da na ido da ma'anarsa. Akwai bangara ta Panjab, wadda in ka bi asalinta rawar manoma ce ta murnar girbi da babbar ganga, 'yar'uwar kalankuwarmu. Masu fim suka kwashi nan suka kwashi can, mu kuma muka kwafi kwafin.

Rawar ƙugu da aka yi ta kira makosa a ƙarshen shekarun 1990 ma suna ne ya ɓata. Makosa kiɗan Duwala ne a Kamaru. Abin da aka gani a kaset-kaset ɗin nan yawanci ndombolo ne na Kongo, kuma ba mu kaɗai muka yi ƙorafi a kansa ba, a wasu ƙasashen Afirka sai da hukumomi suka hana nuna shi a talabijin. Bayansa azonto ta zo daga Ghana wajen 2011, shaku-shaku ta fito daga unguwar Agege a Legas, zanku ta biyo ta da wasan ƙafa, yanzu kuma amapiyano daga unguwannin baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu. Yawancinsu na titi ne, na yaran talakawa, kuma ƙafa da kafaɗa suka fi aiki a ciki.

Haka abin yake ko'ina. Tango ta tashi a unguwannin matalauta na bakin tashar jiragen ruwa a Buwenos Aires da Montebidiyo a ƙarshen ƙarni na 19, masu kuɗin Ajantina na ƙyamarta, sai da Faransawa suka rungume ta sannan ta yi daraja a gida. Samba ta Burazil bayin da aka kwasa daga yankin Angola da Kongo ne suka kai irinta. Bale, wadda ake yi a kan yatsun ƙafa, rawar fada ce daga Italiya, Sarkin Faransa Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Birekin, ta jujjuyawa a ƙasa da tsayuwa a kan kai, yaran baƙaƙen fata da 'yan Latin na unguwar Buronks a birnin New York ne suka ƙirƙiro ta a shekarun 1970, ga shi a 2024 ta shiga gasar Olamfik a Faris. Kowacce akwai mutanen da suka haife ta da dalilin haihuwarta. In ta yi tafiya, motsin ne ke isowa, dalilin ya tsaya a gida.

Abin da ya sauya a zahiri

A ganina ba sabon motsi ne ya tayar da hankalin mutane ba, don motsi kullum sauyawa yake yi, in kiɗa ya sauya rawa ma dole ta sauya. Abubuwa biyu ne suka ɓalle.

Na farko makaɗi. Mai kalangu yana kallon mai rawa. In ta gaji ya sassauta, in ta yi abin a yaba ya kira ubanta da kakanta, in ta fara wuce gona da iri ya san ita 'yar wace ce, ya karya kiɗan ya sauya take. In dattijo ya doso sai hannunsa ya yi sanyi. Shi ɗan gari ne, gobe zai haɗu da iyayen yaran a kasuwa. Lasifika ba ta ganin kowa. Waƙar da aka naɗa a Legas ko Kano haka za ta fito ko wa ke tsaye a fili, kuma yaron da ke danna ta sau da yawa haya aka yi shi daga wani gari.

Na biyu 'yan kallo. Rawar zamanin da, da'ira ce, kowa na fuskantar kowa, wanda ya gani ya gani, gari ya waye ta wuce. Ta yanzu kyamara take fuskanta. Dubi raye-rayen TikTok da kyau: gajeru ne, a tsaye wuri ɗaya, hannu da fuska da ƙugu ke aiki, domin abin da zai shiga tsayin allon waya ke nan. Ba a tsara su don fili ba. Rawar da matan aure ke yi a tsakar gida ba ta sauya sosai ba, amma yau waya ɗaya a hannun wata ƙawa ta isa ta fitar da ita ga mutanen da ba a yi don su ba. Katangar da ta sa abin ya halatta a idon mutane ita ce ta faɗi.

Wa abin ke shafa?

Masu neman a hana DJ gaba ɗaya na kafa hujja da abin da kowa ke gani: raba dare ana ihu, shaye-shaye a gefen fili, faɗan 'yan unguwa, maƙwabci mara lafiya da ba ya samun barci. A garuruwa da dama na Arewa masu unguwanni da 'yan Hisba sun sa dokoki a kan haka. Masu DJ na cewa sana'a ce, da ita suke ci, a ƙasar da aiki ya yi wuya, a sa musu lokaci da ƙa'ida maimakon a kwashe musu kaya. Masu kishin al'ada kuma kukansu daban: in aka tashi hani ba a tantancewa, a haɗa mai gangar noma da mai lasifika a yi musu kuɗin goro. Ni na fi karkata ga a yi doka a kan lokaci, da ƙarar sauti, da cuɗanya, da ɗaukar mata bidiyo ba da izininsu ba, don waɗannan ne ake iya gani a auna. Dokar da ta ce "an hana rawa" kawai, mai kuɗi zai kama ɗakin taro ya rufe ƙofa ya yi abinsa, talakan da ya kafa rumfa a ƙofar gida shi za a kama.

Akwai kuma abin da masu biki da yawa ba su sani ba. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta haramta watsa naira a wurin biki da taka ta da rawa a kanta, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. An daɗe ba a waiwaye ta ba, amma daga 2024 hukumar EFCC mai yaƙi da laifukan kuɗi ta matsa wajen gurfanar da mutane, kuma bidiyon da suka ɗora da hannunsu shi ne shaida.

Wanda ya fi kowa asara dai ba ya cikin masu gardamar. Makaɗin gargajiya ne. Gayya ta ja baya tun da maganin feshi da leburanci suka shigo. A ƙauyuka da dama na Zamfara da kudancin Kebbi, wajen Danko-Wasagu da Sakaba, taron dare ya zama kasada saboda 'yan bindiga, dandali ya mutu ba tare da wani ya sa masa doka ba. Mutanen da aka tasa daga garuruwansu sun zube a gefen birane, inda ba fili ba farin wata. Mai biki kuma in ya lissafa kuɗin makaɗa biyar da abincinsu da na motarsu, ya ga yaro ɗaya da lasifika biyu da janareta ya fi sauƙi. Take kuwa ba a rubuce yake ba, a hannu da kunne ake gadonsa, ɗa ya bi uba yana riƙe masa kuntuku, ƙaramar gangar rakiya, shekara da shekaru kafin a miƙa masa kalangu. Na san gidan makaɗa a garinmu da tsohon ke iya kaɗa taken kowane gidan mahauta da ke kasuwar, har na waɗanda suka rasu. 'Ya'yansa uku, biyu na acaba, na ukun shi ke yi wa unguwar DJ.